Yadda Mazaunin Karkara Zai Sami Zaman 'Yan'uwa Masu Yaƙi da Jarabar Giya

Wanda giya ta kama a babban birni, ranar da ya ƙudurta dainawa, sau da yawa yakan sami ɗakin da irinsa suke taruwa ba tare da doguwar tafiya ba, ya shiga ya fito babu wanda ya san shi. Na karkara bai da ko ɗaya cikin biyun nan. Hanya da nisa, abin hawa ba kullum ba, sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa. Abin da ya fi duka nauyi kuwa, kowa ya san kowa: mai sayar masa da giyar ya san mahaifinsa, ma'aikacin ƙaramin asibitin garin wataƙila surukinsa ne. Shi ya sa da yawa suke cewa su kaɗai za su daina. Wasu suna iyawa. Wasu kuma sukan yi mako biyu ko uku, sai wata yamma jarabar ta motsa, babu wanda za su kira, su koma ruwa.

Kada ka tsaya jiran taro guda ɗaya, kusa da gida, wanda ya dace da kai ta kowace fuska. A karkara harhaɗawa ake yi: zama ɗaya na ido da ido ko da mai nisa ne, zama ta waya a tsakiyar mako, da mutum ɗaya ko biyu da za ka iya bugawa a kowane lokaci. Idan duk an rasa, mutum biyu ma sun isa su kafa nasu.

Kuma ba kai kaɗai ba ne a yankinku, ko da haka kake ji. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024, bisa alƙaluman 2019, ya ce kimanin mutum miliyan 400 ne suke fama da matsalar shan giya a duniya, miliyan 209 daga cikinsu sun kamu har ba sa iya rabuwa da ita. Cutar da ta kai wannan yawa ba ta tsallake ƙauyuka ba. Ɓoyewa kawai kowa yake yi.

Mataki na farko: jikinka kafin taro

Wannan ba a tsallake shi. Idan ka daɗe kana sha kullum, har ka kai sai ka kurɓa da safe hannunka yake daina rawa, to kada ka yanke farat ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba da giya, in aka ɗauke masa ita, yakan fara bore cikin awa 6 zuwa 24: karkarwa, zufa, tashin zuciya, faɗuwar gaba, rashin barci. Wasu sukan yanke jiki su faɗi da jijjiga irin ta farfaɗiya cikin kwana biyun farko. Mafi haɗari yakan zo tsakanin kwana na biyu da na huɗu, da ruɗewa da zazzaɓi da sambatu da ganin abin da babu shi. Wannan yana kisa idan ba a yi magani ba, kuma wanda yake nesa da asibiti shi ya fi kowa zama cikin haɗarinsa.

Saboda haka je wurin likita ko nas tun kana kan shan, kafin ranar dainawa. Faɗi gaskiyar adadin, kada ka rage. Ce masa: "Ina shan giya kullum, kwalba kaza, shekara kaza ke nan. Ina so in daina, ina tsoron abin da jikina zai yi." Idan ka taɓa faɗuwa ko ruɗewa a wani yunƙurin dainawa na baya, faɗa masa, domin wannan zai iya sa ya kwantar da kai na 'yan kwanaki. Akwai maganin da ake bayarwa ya lafar da boren jiki, ana kuma haɗawa da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Bayan an wuce wannan, akwai magunguna irin su naltrexone da acamprosate da suke rage ƙarfin jarabar. Tambaya ko ana samunsu. Ba dole sai ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin mhGAP, wanda aka tsara don ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya kula da irin wannan matsala.

In ma'aikacin garinku ɗan gida ne kuma nauyinsa kake ji, tafi asibitin gari na gaba. Gara ka ƙara tafiya da ka ɓoye masa rabin labarin.

Mataki na biyu: san abin da kake nema

Zaman da muke magana a kai ba asibiti ba ne, ba kuma wa'azi ba ne. Mutane ne da giya ta taɓa ɗaurewa, suna haɗuwa kowa ya faɗi halin da yake ciki da yadda yake riƙe kansa. Wanda ya shekara goma bai sha ba yana zaune kusa da wanda jiya ya daina.

Mafi daɗewa kuma mafi yaɗuwa ita ce ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa AA. Ta faro a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, lokacin da wasu mashaya biyu, Bill Wilson da wani likitan tiyata Bob Smith, suka gano cewa magana da junansu tana hana su sha. Yau tana cikin ƙasashe kusan 180. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, wato son daina sha. Ba rajista, ba kuɗin shiga. Tafarkinta matakai goma sha biyu ne, tana kuma maganar dogaro da Allah gwargwadon yadda kowa ya fahimce shi, ba tare da bin wani addini ba. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tantance binciken kiwon lafiya, ta tattara bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565, ta sami cewa shirye-shiryen da aka tsara don kai mutum cikin AA sun kai, wani lokaci ma sun fi, sauran hanyoyin da aka gwada wajen sa mutum ya daɗe bai sha ba.

Ba ita kaɗai ba ce. SMART Recovery, wadda aka kafa a 1994, ba ruwanta da batun imani. Tana koyar da dabarun ƙarfafa niyya, jure motsin jaraba, sarrafa tunani da ɗabi'a, da daidaita rayuwa. Women for Sobriety ta mata ce zalla, Jean Kirkpatrick ta kafa ta a 1975. Ga wanda yake son zaman da ya tsaya kan addininsa, akwai Millati Islami, wadda Musulmi suka fara a birnin Baltimore na Amurka a 1989, da Celebrate Recovery ta Kirista da ta faro a 1991. Akwai kuma Narcotics Anonymous, ta masu fama da ƙwayoyi, kuma a wurinsu giya ma cikin kayan maye take. Wannan yana da amfani ƙwarai ga na karkara: idan zamansu ne kaɗai yake kusa da kai, je.

A ganina wanda yake da zaɓi kaɗan bai kamata ya ɓata lokaci wajen tantance wace ƙungiya ta fi ba. Wadda za ka iya kaiwa gare ta a wannan makon, da ita za ka fara.

Mataki na uku: nema

Fara da manyan garuruwan da suke kewaye da kai, ba da sunan ƙauyenku ba. Rubuta duk garin da za ka iya zuwa ka dawo a yini ɗaya, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

A intanet, shafin aa.org yana da jerin ofisoshin ƙungiyar na ƙasashe da yankuna. Rubuta sunan ƙungiyar tare da sunan ƙasarku ko babban birnin da ya fi kusa. Akwai manhajar waya ta kyauta mai suna Meeting Guide da take nuna zaman da ke kusa da inda kake tsaye, amma abin da ofisoshin yankuna suka tura mata kaɗai take nunawa. Idan ta ce babu, ba lalle babu ba ne. SMART Recovery ma tana da wurin binciken zama a shafinta.

Abin da ya fi jerin sunaye daraja shi ne lambar waya. Ofisoshin AA na yankuna da yawa suna da layin da 'yan ƙungiyar da kansu suke ɗauka a matsayin sa kai. Wanda zai amsa maka shi ma ya sha, ba abin da za ka faɗa ya girgiza shi. Ko da ofishin yana da nisan yini guda daga gare ka, buga. Su ne suka san ƙaramin zaman da ba a taɓa rubutawa ko'ina ba, su ne kuma suka san wani ɗan ƙungiya da aiki ya kai shi yankinku. Tambaye shi kai tsaye: "Akwai wani naku da yake zaune ta wajenmu? Za ku iya ba shi lambata?" Zuwa wurin sabon mai nema yana cikin aikin da suka ɗora wa kansu, ba roƙon alfarma kake yi ba.

Sai kuma tambayar mutane, wadda a karkara takan fi intanet sakamako. Nas mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibitin yanki, sashen masu fama da shaye-shaye idan akwai, ma'aikatan jin daɗin jama'a, masu ba da shawara a sashen tarin fuka ko na cuta mai karya garkuwar jiki, duk suna haɗuwa da matsalar giya kullum, sukan kuma san inda ake taruwa. Shugabannin addini ma sukan sani, domin irin waɗannan zama sau da yawa a ɗakunan wuraren ibada ake aron wuri. In ba ka shirya bayyana kanka ba, ce wa wani kake tambaya. Ba za a matsa maka ba.

Duk zaman da ka samo, kada ka hau mota sai ka tabbatar. Jerin da ke intanet yakan tsufa. Ƙaramin zama yakan mutu in mutum ɗayan da yake riƙe da makulli ya tashi. Buga ka ji: har yanzu ana yi? Wace rana, ƙarfe nawa, ta wace ƙofa ake shiga? Da wane harshe? Na kowa da kowa ne ko na masu matsalar kaɗai? AA tana da iri biyu: buɗaɗɗe, wanda kowa zai iya halarta har da ɗan rakiya, da rufaffe, na masu son daina sha kawai. A jerin Turanci za ka ga harafin O a gaban na farko, C a gaban na biyu. Idan matarka ko ɗan'uwanka ne zai raka ka, buɗaɗɗen za ku nema.

Mataki na huɗu: tafiyar

Zama mai nisa ba zai yiwu kullum ba, amma sau ɗaya a mako, ko sau biyu a wata, ko ma sau ɗaya a wata, ya fi babu. Haɗa shi da ranar da dama kake shiga gari don wata hidima. Tambayi 'yan zaman ko akwai mai biyowa ta hanyarku. Hirar cikin mota zuwa da dawowa takan yi amfani kamar zaman kansa.

Shirya dawowa tun kafin tafiya. Zama da yawa da yamma ake yi, kuma mutumin da ya rasa motar ƙarshe, ya tsaya shi kaɗai a garin da ba a san shi ba da kuɗi a aljihu, ya shiga daidai yanayin da yake gudu. Ɗauki kuɗin mota da na ɗan abin buƙata kawai. Zaɓi hanyar da ba ta bi ta gaban mashayarka ta dā ba, ko da ta fi tsawo. In ka riga ka sha a ranar, kada ka tuƙa mota ko babur. Nemi mai kai ka. Ka kuma yi lissafin lokacin da ruwa yake ɓata hanya ko aikin gona yake cin yini duka, ka tanadi zaman waya da zai tsaya a madadin tun kafin lokacin ya zo.

Mataki na biyar: zama ta waya da intanet

Tun annobar korona a 2020 dubban zama suka koma intanet, da yawa kuma ba su sauka ba. Ga mazaunin karkara wannan babban sauƙi ne. Shafin Online Intergroup na AA, wato aa-intergroup.org, yana da jerin zaman da ake yi dare da rana, ana iya tacewa da harshe, da rana, da nau'i: na bidiyo, na murya, na rubutu, na mata zalla, na sababbi. SMART Recovery da sauran ƙungiyoyin da na ambata su ma suna da nasu.

Yawancinsu a manhajar Zoom ake yi. Kafin ka shiga, canza sunan da yake bayyana ya zama sunanka na farko kawai, ko wani da ka zaɓa. Kashe kyamara, babu laifi, kuma murya kaɗai ba ta cin data sosai, tana kuma jure raunin sabis. Sa abin sauraro a kunne don kada na kusa su ji, domin sirrin da kake karewa ba naka kaɗai ba ne, har da na masu magana. Nemi wurin da sabis yake kamawa ka kuma kaɗaita, ko bakin gona ne, ko cikin mota a tsaye, ka yi cajin waya tun da rana. Idan layi ya yanke ana tsakiyar zama, sake shiga kawai, ba sai ka ba da haƙuri ba. Duba bambancin lokaci da kyau, don ƙarfe bakwai na mai shirya zaman ba lalle ne bakwai ɗinka ba. Wasu zaman suna ba da lambar da ake bugawa da ƙaramar waya marar intanet. Kafin ka buga, duba ko ta ƙasar waje ce, kada katinka ya ƙare cikin minti kaɗan.

Hattara da zaurukan WhatsApp. Suna da amfani, amma lambarka tana iya bayyana ga 'yan zauren, saƙonni kuma suna faɗowa kan fuskar waya. In wayar ta haɗin gwiwa ce a gida, rufe sanarwar, ko ka bar zauren sai ka sami taka.

Mafi yawan waɗannan zama da manyan harsunan duniya ake yin su, kamar Turanci, Faransanci, Sifaniyanci da Larabci. Ko ba ka iya mayar da magana sosai, sauraro kaɗai yana aiki. Ka kuma faɗi harshenka da yankinka a fili idan an ba sababbi dama. Ta haka ne wani mai jin harshenka zai neme ka bayan an tashi. Wanda kuma ba shi da intanet sam, babban ofishin AA da ke New York ya daɗe da tsarin musayar wasiƙu da ake kira Loners-Internationalists Meeting, domin waɗanda babu zama kusa da su, da ma'aikatan jiragen ruwa, da marasa lafiyar da ba sa iya fita.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne yawo daga wannan zama zuwa wancan kullum, babu inda aka san ka. Gwada kaɗan, ka zaɓi ɗaya, ka riƙa zuwa rana ɗaya lokaci ɗaya. Amfanin yana farawa ne ranar da wani ya lura ba ka zo ba ya tambaya.

Mataki na shida: ranar farko, da tsoron a gan ka

Isa da wuri da kamar minti goma. Za ka tarar da mutum ɗaya ko biyu suna jera kujeru. Ce musu yau ne zuwanka na farko, shi ke nan. In lokaci ya yi, mai jagorantar ranar zai buɗe, a karanta ɗan bayanin ƙungiya, a tambaya ko akwai sabo. Kana iya faɗin sunanka na farko, kana iya yin shiru. Daga nan mutane za su riƙa magana ɗaya bayan ɗaya, kowa kan kansa, ba mai katse wani, ba mai yi wa wani gyara. Idan layi ya zo kanka, "Yau saurare na zo yi" ya wadatar. Za a zagaya da ɗan kwando ko gwangwani don kuɗin ɗaki. Ba dole ba ne. Yawanci awa ɗaya ake yi. Kada ka yi wuf ka fice da an tashi. Mintunan nan na bayan zama, ana naɗe kujeru, a nan ake karɓar lambobi.

To, idan ka shiga ka ga wanda ka sani fa? Wannan tsoron ya hana mutanen karkara zuwa fiye da nisan hanya. Ka tuna abin da ya kawo ka shi ya kawo shi, kuma yadda kake tsoron bakinsa haka yake tsoron naka. Sau da yawa wannan mutumin ne yake zama abokin tafiyarka. Amma gaskiya ita ce rufin asirin da ake yi a zaman alkawari ne tsakanin mutane, ba doka ba ce, kuma ɗan Adam ajizi ne. Saboda haka a gaban taro faɗi abin da ya shafi shanka da halin da kake ciki. Abin da zai iya jawo maka shari'a, ko ya tona asirin wani, ajiye shi sai ka sami mutum ɗaya da ka yarda da shi. In ƙaramin zaman garinku ya yi maka kusa da yawa, fara da na gari mai nisa har ƙafarka ta tsaya.

Masu tambayar ina kake zuwa kowane mako ba sa bin ka bashin bayani. "Ina ganin wasu mutane kan lafiyata" gaskiya ce, ta kuma isa. Sai dai a gida ya kamata mutum ɗaya ya san ainihin inda kake.

Kada zama ɗaya ya sa ka yanke hukunci. Kowane yana da halinsa, wani ranar ma ba ya daɗi. Gwada sau biyar ko shida, a wurare dabam-dabam in da hali.

Mataki na bakwai: mutanen da za ka kira

Zama awa ɗaya ne. Sauran awoyin mako kai kaɗai ne da garinku. Don haka kada ka bar wurin ba tare da lambar mutum biyu ko uku ba. A AA akwai wanda suke kira sponsa: ɗan ƙungiyar da ya daɗe bai sha ba, wanda zai riƙe hannunka ya bi matakan da kai. Kai ne kake zaɓarsa, kana kuma iya canzawa. An fi so namiji ya riƙe namiji, mace ta riƙe mace. Nisa ba ya hanawa, ana yi ta waya. Ku tsayar da lokacin kira na kullum, ka riƙa bugawa ko lafiya lau kake, domin wanda bai saba kira a ranar daɗi ba, ba zai iya ɗaga waya a ranar wuya ba. Kiran kafin a sha ake yi. 'Yan ƙungiyar sukan ja kunnen sababbi kan abubuwa huɗu da suke buɗe wa jaraba ƙofa: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. In ka ji ɗaya ya kama ka, buga waya.

Akwai alamun da in ka gani ka ja baya. Wanda ya ce ka bar maganin da likita ya rubuta maka ya wuce gona da iri. Ita kanta AA ta ce kada ɗan ƙungiya ya mai da kansa likita. Wanda ya nemi ka biya shi, ko ya fara neman rance, ko ya ce a wurinsa kaɗai waraka take, rabu da shi. 'Yar'uwa, idan sabuwa ce ke kuma wani ya fara nuna miki kulawar da ta wuce ta zama, ki faɗa wa wata tsohuwar 'yar ƙungiya, ki kuma nemi zaman mata zalla a intanet. Mace mai wannan matsala a ƙaramin gari tana ɗauke da tsangwamar da ta ninka ta namiji, kuma masu mugun nufi sun san haka. Duk wurin da ake kulle mutum, a sa masa mari ko a doke shi da sunan raba shi da shaye-shaye, ba wurin taimako ba ne. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2020 cewa ana ɗaure masu matsalar ƙwaƙwalwa a ƙasashe 60. Kada iyali su kai nasu irin wannan wuri don sun rasa yadda za su yi.

Su ma iyalin suna da nasu zaman. Al-Anon, wadda aka kafa a 1951, ta mata da maza da iyaye da 'ya'yan mashaya ce, ko mai shan ya daina ko bai daina ba, tana kuma da zama ta waya da intanet.

Mataki na takwas: idan babu, kafa

Ƙa'idar AA ta ce duk mashaya biyu ko uku da suka haɗu don su daina sha suna iya kiran kansu rukunin AA, muddin rukunin bai jingina da wata ƙungiya dabam ba. Ba a neman izini. Yadda ƙungiyar ta bazu ke nan tun farko: babban littafinta da ya fito a 1939 ya riƙa isa garuruwan da babu kowa, wanda ya karanta ya nemi na biyu.

Zai fi kyau ka ɗan sami watanni kana halartar wani zama, kana da mai riƙe da kai, kafin ka ɗauki wannan. Sannan nemi mutum na biyu. Ma'aikacin lafiyar da ka fara gani zai iya haɗa ku ba tare da ya tona kowa ba: ba shi izinin ba da lambarka ga duk wanda ya zo da irin matsalarka. Nemi ɗakin da shigarsa ba ta jawo ido, kamar aji bayan an tashi makaranta, ɗakin taro na asibiti, ko wani ɗaki a wurin ibada in duka za su sake a ciki. Kada ya zama kusa da inda ake sayar da giya, kada kuma ya zama zauren wani babba da mutane za su ji nauyin buɗe baki a gabansa.

Rubuta wa ofishin ƙungiyar na ƙasarku ko mafi kusa, ku nemi littattafai da tsarin gudanar da zama, ku kuma sa a rubuta ku cikin jeri. In tsarin SMART Recovery kuka fi so, mai jagoranta sai ya yi horo, ana kuma yin sa ta intanet. A makonnin farko kuna iya ajiye waya a tsakiya ku buɗe murya, wani tsohon ɗan ƙungiya daga nesa ya yi muku magana. Tsarin ba wuya: a buɗe, a karanta shafi ɗaya ko biyu, kowa ya yi magana a kan kansa, a tuna wa juna cewa abin da aka ji a nan a nan zai tsaya, a tashi kan lokaci. Ku riƙa karɓa-karɓar jagoranci da riƙon makulli, kada zaman ya zama mallakin mutum ɗaya.

Abin da yake raya ƙaramin zama shi ne a buɗe ƙofa rana ɗaya, lokaci ɗaya, ko an zo ko ba a zo ba. Za a yi makonnin da kai kaɗai za ka zauna. Zauna awar ta cika, karanta, buga wa sponsanka. Mai son zuwa yakan daɗe yana kallo daga nesa, yana auna ko abin zai ɗore, kafin ya taka ƙofar.

Idan ka koma sha

Yana faruwa, kuma ba a korar kowa saboda haka. Kunya za ta ce maka ka bari sai ka sake tsayawa da ƙafarka sannan ka koma zama. Kada ka biye mata. Buga wa ɗaya daga cikin lambobin nan a ranar. Idan shan ya yi yawa kuma ya ɗauki kwanaki, koma mataki na farko ka ga ma'aikacin lafiya, domin boren jiki yakan ƙara tsanani ga wanda ya sha yankewa yana komawa. In tunanin kashe kanka ya zo maka, wannan ba na jiran ranar zama ba ne: faɗa wa na kusa da kai nan take, a kai ka asibiti.

Bayan ka natsu, zauna da sponsanka ku bi makon da abin ya faru rana bayan rana. Yawanci za ku tarar da giɓi: kiran da aka daina, zaman da aka tsallake don hanya ta ɓaci, ranar karɓar kuɗi da ba a yi mata shiri ba. Wannan ranar ce za ku sa wa ƙarin zaman waya, ku kuma tsayar da wanda za ka kira kafin ka fita daga gida.